Fiyanon Ya Koma Sifili

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da aiki da mutanen gidanku. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah.

Shekaranjiya da hantsi, ina tsaye gaban fiyanon marigayi da tsumman goge ƙura a hannuna, na gane abin da kuka yi mini, ke da shi.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, don kada ki ce Yaya ta fara zaucewa. Mai jita ya zo da saƙonki. Ya ɗosana a bakin kujera kamar ɗalibi a ofishin hedimasta, ya ce 'yan ƙungiyarku suna so su shiga situdiyo su naɗi waƙa ɗaya don tunawa da ogansu, ke za ki rera, kuma kiɗan yana cikin fiyanon nan, mijina ya naɗe shi da hannunsa. Na ce wace waƙa? Ya ce wadda take farawa da "buɗe taga in ga ko kin tashi." Auta, sai da na dafa keken ɗinki. Waƙar taga ba ta taɓa ƙetare ƙofar ɗakin nan ba. Ya yi mini ita tun muna ɗakin haya, lokacin ke ko ɗaurin ɗankwali ba ki iya ba. Da na bar ƙungiyar na kama ɗinki, ita kaɗai na riƙe. Ya kaɗa, in rera, daga ni sai shi sai kyanwa.

Da mai jita ya tafi na jona waya na kunna. Ban taɓa kunna abin nan da hannuna ba sai ranar. Na yi ta lalube har na sami inda nake ganin yana dannawa, kiɗa ya taso. Hannunsa ne, har ɗan jinkirin nan da yake yi kafin amshi. Na buɗe baki na shiga. Farkon na lallaɓa, da na zo wurin hawa sai muryata ta yage kamar tsohon zane. Na sake. Na sha ruwan ɗumi na sake. Waƙar da ko cikin barci aka tashe ni zan rera, ta yi mini nisa, kamar kwanon da aka ɗora saman kabad.

Sai na bar kiɗan yana tafiya shi kaɗai, ina tambayar kaina wa zai hau wurin nan ko numfashi bai ja ba. Ban daɗe ina nema ba. Ke ce.

Ba ni da ilimin kiɗa irin naku, amma na san akwai madannin da yake taɓawa idan mawaƙi ya zo, ya ɗaga masa kiɗa ko ya sauke masa daidai maƙogwaronsa. To ya ɗauki waƙata ya ɗaga ta ya kai miki, ya bar ta a can, ya tafi.

Ina ganin kiranki a waya. Ba zan ɗauka ba, don in na ji muryar nan taki yanzu ban san abin da zai fito daga bakina ba. Ki rubuto ki ba direban da ya kawo miki wannan. Yaushe ya ba ki? Fiyano kuma yana nan inda yake, na rufe shi da zanen gado.

Ki gaishe da na gaisarwa. Na bar ki lafiya.

Yayarki


Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Ya ciwon bayan? Allah ya jiƙan Oga, ya sa ya huta.

Direbanki ya miƙo mini takarda a tsakiyar tasha yana muzurai, na ɗauka sammaci ne. Da na karanta na ga ashe gara sammacin. Na yi kuka, sannan na yi dariya, sannan na sake kukan, har mai awon shinkafa ta tambaye ni ko wani rashin aka sake yi.

Uwar 'yan fushi, ki zauna ki karanta wannan a hankali. Ki cire zanen gadon, ki kunna fiyanon, ki danna madannin da kike magana, na kusa da ɗan gilashin nan mai haske. Lamba za ta fito. Na rantse sifili za ki gani. Wannan fiyanon ba ya riƙe hawa ko sauka. Ko an ɗaga shi ko an sauke, da zarar an kashe shi ko an ɗauke wuta, ya manta, ya koma sifili, wato daidai inda aka ajiye waƙar tun asali. In ba ki yarda ba, ki sauke shi da kanki, ki kashe, ki sake kunnawa ki gani.

Ba wanda ya ɗaga miki waƙa, Yaya. Inda kika same ta, nan take tun ranar da ya yi miki ita a ɗakin haya. Nan muryarki take a lokacin. Sauke miki ita yake yi. Duk ranar da za ki rera, sai ya fara saukewa kafin ki buɗe baki. Da farko taki ɗaya, da shekaru suka ja ya ƙara. Wannan karon ba ya nan ya sauke, shi ke nan abin da ya faru.

Batun ko ya koya mini kuwa, ya koya mini, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma waƙa ba tukunya ba ce da za a ce na ɗauke na bar ki ba ta girki.

Ki ɗauki waya mana. Rubutu ya sa yatsana ciwo, kin san tun muna makaranta ni da biro ba ma shiri. Kuma ki ci abinci, an ce mini kin zama kamar allurar kekenki.

A gaishe da kyanwa, in ita ma ba ta yi fushi da ni ba.

Autarki


Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da tambayar baya, yana nan yadda kika san shi.

Na gwada. Na danna, sifili ya fito. Na sauke, na kashe, na kunna, sifili ya dawo yana kallona. Gaskiyarki.

Na zauna kan tabarma na rasa inda zan sa kaina. Sai abubuwa suka riƙa dawowa. Duk ranar da zai kaɗa mini, da ya kunna sai ya ce, "Ɗan ba ni ruwa in jiƙa maƙoshi." Ni da zan rera ban nemi ruwa ba, sai shi mai yatsu. Har tsiya nake masa, in ce da maƙoshi kake kaɗawa? In je in dawo, ya kurɓa kaɗan ya ajiye, ya ce bismilla. Ashe korata yake yi don kada in ga hannunsa a kan madannin. Kuma yatsunsa kullum wuri ɗaya suke sauka, kan fararen madannan nan dai da na sani, ta ina zan gane ƙasa ta motsa?

Kin zaci wannan zai sanyaya mini rai ko? Ya sanyaya na rabin yini. Ina cikin kafa hannun riga sai abin ya soke ni. Ke ta yaya kika sani?

Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban sani ba. Ni mai muryar ban sani ba. Amma ke kin san da taki ɗaya ya fara, kin san ya ƙara. Wato ya zauna da ke ya buɗe baki ya ce muryar yayarki ta faɗi. A ina? A motar ƙungiya kuna dawowa daga wasa? Kuna shan shayi? Wa da wa ke wurin? Kun yi dariya? Na tuna ranar da kika zo gwajin riga na ce miki ni har yanzu muryata ko gezau, kika ce, "Sosai ma, Yaya," kika sunkuyar da kai kina wasa da tef ɗin awo. Na ɗauka hassada ce ta hana ki kallona. Ashe tausayi ne. Wallahi da hassadar ce da ta fi mini daɗi.

Ni na goya ki. Ni na kai ki wurinsa da hannuna na ce ga ƙanwata tana da murya, a gwada ta. Shekara da shekaru ina ɗinka miki rigunan da kike tsayawa da su kusa da shi a gaban jama'a, ni ina gida ina tsince zare a jikin zane. Ban taɓa cewa komai ba, don ina da abu ɗaya da ba ki da shi. Yanzu kin ce waƙa ba tukunya ba ce. To ni ita kaɗai ce tukunyata.

Shi ma ina fushi da shi, in kina son sani. Jiya na tsinci kaina ina yi wa hularsa faɗa.

Ba ki amsa abin da na tambaya ba, kin zagaye shi da barkwanci kamar yadda kika saba tun kina ƙarama. Yaushe ya koya miki? Sau nawa kika rera masa? Kuma ki faɗa mini wannan, kada ki ɓoye: idan kina rerawa, yana rufe ido?

Allah ya tsare. Ki gaishe da mai jita, ki ce kada ya dawo tukuna.

Yayarki


Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yau ba barkwanci, tunda kin ce ba kya so.

Eh, yana rufe ido.

Ba jiya ya koya mini ba, an daɗe. Wata rana mun gama gwaji, ana naɗe wayoyi, sai ya ce in tsaya. Mai jita yana gefe yana canza tsirkiya, ki tambaye shi. Oga ya kaɗa waƙar ya faɗa mini baitocin, na rera. Da na kai wurin hawan nan sai ya cire hannu daga fiyano. Can ya ce, "Haka take yi." Bai ce haka kike yi ba. Daga ranar, lokaci zuwa lokaci, in an tashi gwaji sai ya ce, "Auta, buɗe mana taga." Ban ƙirga ko sau nawa ba. Da yawa. In na ce miki ban ji daɗin yadda yake saurarona ba, na yi ƙarya. Amma in ya buɗe ido ya gan ni, sai in ga fuskarsa ta ɗan sauka, kamar wanda ya buɗe ƙofa ya tarar ba baƙon da yake jira ba ne.

Maganar saukewa kuma ba zama ya yi ya ba ni labari ba. Ranar gwajin rigar da kike faɗa, kafin ki yi wannan maganar, kin tafi ɗebo masa ruwa, ni ina bayan labule ina fama da zif. Na ga hannunsa, na ga lambar. Ya juyo ya ga na gani, ya ɗora yatsa a baki. Daga baya na matsa masa da tambaya ya ce, "Yayarki ta bar fage saboda gidana. Ba zan bari ta ji ta bar muryarta ma a nan ba." Ba wanda ya yi dariya. Ba mu da wannan ƙarfin halin.

Yanzu ke ma ki saurare ni, don ba ke kaɗai ke da abu a zuciya ba.

Tun da kika kai ni wurinsa, Oga bai taɓa taɓa madannin nan saboda ni ba. Ko sau ɗaya. Baƙon mawaƙi zai zo, a ɗaga masa, a sauke masa, har a tambaye shi ko ya ji daɗi. Ni kuwa duk waƙoƙin ƙungiya a mazaunin muryarki aka gina su, nan aka ajiye ni. In na ce Oga ta yi mini sama, sai ya ce, "Yayarki tana hawa nan da goyo a bayanta." Ni ce ma goyon, wataƙila. Muryata ba nan take zaune ba, Yaya, ta fi son ƙasa kaɗan. Miƙa wuya nake yi. Kin san sau nawa na koma gida ba na iya ko amsa sallama? Jama'a suna tafi, tsofaffin cikinsu suna zuwa suna cewa na tuna musu da ke. Ba wanda ya taɓa cewa na tuna masa da ni.

Ke kina gida ana sauko miki da waƙa har inda kike zaune. Ni ina fage ina ɗage kamar mai tsinkar mangwaro. Kika ce kina da abu ɗaya da ba ni da shi. Ni a ganina duka naki ne, har wanda ke cikin maƙogwarona.

Abin da ya sa nake son in naɗi waƙar taga, ita kaɗai ce ya taɓa roƙona in rera. Sauran duk umarni ne.

Na san lambar da yake ajiye miki a ƙarshe. In kina so in rubuto.

Ki yafe mini in na yi tsauri. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanwarki


Zuwa ga Amaryarmu, matar aminina,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. An isar mini da umarninki cewa kada in dawo tukuna, shi ya sa na aiko takarda a madadin ƙafata. Kuma ki yi haƙuri da sunan, na san har jika kin ɗauka, amma bakina ya riga ya saba.

Dalilin rubutuna biyu ne. Na farko, Auta ta ce ta aiko miki wasiƙa an kwana biyu ba amsa. Ta shaida wa 'yan ƙungiya cewa ba za ta rera waƙar nan ba sai da yardarki, ko da a ɗakin wanka ne. Tun daga lokacin ko gwaji ba ta zuwa. Abin da ta faɗa miki game da ranar farko gaskiya ne, ina wurin.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Fiyanon nan ya tsufa. Akwai ɗan batir a cikinsa, shi ke riƙe abin da aka naɗa, kuma tun marigayi yana da rai ya fara gardama, ya taɓa shafe mana kiɗa biyu. In ya mutu, hannun aminina ya tafi ke nan. Ba wanda zai iya maimaita shi. Kin san bai yi makarantar kiɗa ba, hanya ɗaya yatsunsa suka sani, madannin nan ne yake kai shi ko'ina. Muna yi masa tsiya muna ce masa direba mai giya ɗaya. Amma a kan wannan hanyar tasa ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Ba sai fiyanon ya bar ɗakinki ba. Zan iya zuwa da waya in kwafe kiɗan, kina zaune kina kallona. Ko ba a rera ba, a dai adana. Hukunci naki ne.

Na bar ki cikin amincin Allah.

Naki da girmamawa,
Mai jita


Auta,

Ina gaishe ki. Na yi shiru ne don duk takardar da na fara sai ta koma faɗa, ni kuma na gaji da faɗa da mutum biyu, ɗaya ma ba ya amsawa.

Ki ce wa mai jita ya zo ranar da ya samu hali ya kwafi kiɗan. Ya zo shi kaɗai. Fiyano ba zai fita ba.

Ki rera waƙar. Amma da sharaɗi: ba a sifili ba. Ki sa a sauke miki ita inda muryarki take zaune, ko da masu tafi ba za su tuna da kowa ba. Kada ki ɗauka kirki ne zalla. Ba na so in kunna rediyo in ji yarinyar ɗakin hayan nan da yake rufe ido yana nema. Da ke zan iya zama a duniya. Da ita ce ba zan iya ba.

Batun wuyanki ban sani ba, Auta. Da na sani da na yi masa magana. Ki koma gwaji, ki bar shan ruwan sanyi.

Kada ki rubuto lambar. Ba na son ta daga hannunki. Kuma kada ki zo tukuna, in na shirya zan aiko a auna ki, na ga wani yadi da zai karɓe ki.

Jiya bayan na tashi daga keke na kunna. Na sauke ɗaya, na gwada, ban kai ba. Na sauke biyu, ban kai ba. Na ɗora yatsa zan ƙara, sai na ga ba zan iya ba, na kashe.

Allah ya yi miki albarka. Ni ce yayarki.

Har yanzu ban gano inda yake ajiye ni ba, kuma tun da ya tafi ban kai waƙar ƙarshe ba.